Ƙarshen Labarin Mai Shara

Yara ne suka raɗa mata Gwaggo Fatalwa, sunan kuma ya bi ta har asibiti, inda mai auna mata jini ta taɓa ce mata saboda ita ta yi shekara biyu ba ta shiga banɗaki ita kaɗai ba. Littafi ashirin da uku ta rubuta wa yara, duk tatsuniyoyi da labaran fatalwa. Yanzu ido ya yi rauni, yatsu sun ƙage, ta kuma gaji da tsorata 'ya'yan mutane. Da so samu ne, a bar ta da kujerarta da rediyonta.

Amma sabuwar editar kamfanin da ke buga mata littattafai ba ta san wani abu wai shi gajiya ba. Sa'ar jikarta ce, ga fara'a kamar an biya ta. Ta kira ta ofis, hawa na uku, Gwaggo ta iso tana haki tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene.

"Gwaggo, za mu sake buga Mai Shara," in ji editar. "Na ga wata tsohuwar wasiƙa a fayil. Ashe ƙarshen da ke cikin littafin ba shi ne wanda mahaifiyarki ta ba ku ba?"

Ba shi ba ne. Mai Shara shi ne littafinta na farko, kuma a bakin Innarsu ta ji labarin. Wata uwa ce ta mutu ta bar yara uku. Kullum suka tashi da safe sai su tarar an share tsakar gida fes, ba su san mai sharar ba, kuma kullum sawun tsintsiyar yana ƙara matsowa ƙofar ɗakinsu. Da Gwaggo ta kai rubutun, shekara arba'in da suka wuce, editan wancan lokacin ya karanta shafin ƙarshe ya ture shi gefe, ya ce in aka buga wannan iyaye za su zo su jefe shi. Tana da shekara ashirin da shida, ba abin da take so a duniya irin ta ga sunanta a bangon littafi. Ta fita baranda ta zauna a benci, ta rubuta sabon ƙarshe a bayan ambulan cikin minti goma sha biyar: ƙaramar yarinyar ta buɗe ƙofa, ta karɓi tsintsiyar, ta ce, "Inna, ki je ki huta, na iya." Shafin asali kuwa a kwandon sharar mutumin ya ƙare.

"Na gaskiyan nake so mu saka," in ji editar. "Yaran yanzu ba abin da ba su gani ba."

"Wannan ai mai sauƙi ne," Gwaggo ta ce. "Jibi za ki gan shi."

Jibi ta zo ta wuce. Kwana huɗu ta yi a gaban teburinta, biro a hannu, shayi yana hucewa. Tana tuna sawun tsintsiyar ya iso bakin ƙofa. Tana tuna Inna ta sassauta murya, ita kuma ta cusa kai a bayan yayarta. Daga nan, duk ta inda ta bi, sai ta ci karo da yarinyar nan da "na iya" ɗinta. Ta karanta wannan layin a makarantu sun fi dubu, har ya cinye wurin wancan. Ba maganar edita ta dame ta ba. Inna ta rasu shekara talatin ke nan, ba ta bar hoto ba, ba ta bar rubutu ba, labarin nan ne kaɗai abin da ta bari da ya rage. Gwaggo ta ji tsoro, irin wanda ba ta taɓa sa wa wani yaro ba.

Mutum ɗaya ya rage da ya ji labarin a bakin Inna. Ta hau bas biyu zuwa ɗaya gefen gari, gidan ɗan yayarta, inda yayar take zaune.

Ta sami Yaya a ɗakinta na ƙurya, kan gadon ƙarfe, ƙafafu a kan matashi, kwalaben magani jere a kan tsohon keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Shekararta tamanin da ɗaya, ƙafa ta ƙi, amma kai garau yake. Ita ce mai tuna wanda ya fasa kofin wa shekara sittin baya, ba ta kuma yafe ba.

"Auta? Lafiya kuwa? Ko fatalwowin ne suka koro ki?"

"Sun gaji da ni, Yaya, na gaji da su."

Suka gaisa, aka yi ƙorafin gwiwa da na suruka. Sannan Gwaggo ta ajiye waya a kan matashi, ta danna wurin ɗaukar murya.

"Labarin Mai Shara nake so ki ba ni. Yadda Inna take ba mu shi."

"Ke da kika ci suna da shi kike tambayata?" Amma ta gyara zama, ana ganin daɗin da ta ji.

Ta fara. Akwai abubuwan da ba su cikin littafi. Ga kazar da ta ƙi taka inda aka share. Ga "shuu, shuu" ɗin da Inna take yi da haƙora. Gwaggo ta manta da su sarai, ga su sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙe ƙarfen gadon. Tsintsiya ta iso bakin ƙofa, Yaya ta sassauta murya.

"Sai ƙaramar ta tashi, ta buɗe ƙofa, ta karɓi tsintsiyar..."

"A'a, Yaya. Ba wannan ba. Wannan na littafi ne."

"Na littafi kamar yaya?"

"Ni na ƙirƙire shi. A baranda, a bayan ambulan. Na Inna daban yake, mai ban tsoro ne. Ki tuna mana."

Yaya ta kalle ta sheƙeƙe. "Ke kika ƙirƙira? Lallai, Auta. Kina bayana kina kuka da majina, me kika ji? Ni na ji da kunnena."

"Kin karanta wa 'ya'yanki littafin nan, kin karanta wa jikoki. Shi ne ya zauna miki."

"Na karanta mana, don kin rubuta shi daidai. Shi ne abu ɗaya da kika taɓa yi daidai." Muryarta ta fara rawa. "Kada ki zo ɗakina ki ce min ban san maganar uwata ba. Ina rufe ido nake ganinta tana faɗa. Har hannu take miƙawa, haka."

Gwaggo ta saki ƙarfen gadon. Tana iya kawo wasiƙar fayil ɗin ta karanta mata, ta ci gardamar. Sai dai ba zai dawo da komai ba, Yaya kawai za ta bari da hannu biyu wayam, kamar yadda ta bar kanta. Ba sauran wanda za a tambaya. Wata gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa.

"To, yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ta yaya Inna take faɗinsa?"

Yaya ta share idanu da gefen ɗankwali, ta rufe su, ta miƙa hannu. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Ta Inna ce sak, da ɗan dishin nan da jan ƙarshen kalma, wadda Gwaggo ta yi shekara talatin ba ta ji ba.

"Inna, ki je ki huta. Na iya."