A Kunnensa Zan Kwashe

"Sake dannawa," in ji Inna Zuwaira.

Na sake dannawa. Rubutun nan ya kuma fitowa: wayar ta tsufa, manhajar saƙo ta daina aiki a kanta. Ashe tun watan jiya ake gargaɗi, amma Inna ba ta yi boko ba, ta ɗauka gaisuwar kamfani ce.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a Dangora. Ɗanta tilo, Ukasha, shekararsa uku a Aljeriya, layinsa ba ya shiga, sai dai saƙon murya. Na ƙarshe da ta tura masa, ranar da ta gano ya sayar da gonar marigayi babansa a ɓoye, cewa ta yi ba ta yafe ba, duniya da lahira. Wata biyar ke nan. Yanzu ga ta kwance, kwana huɗu ko koko ba ya wucewa.

Lokacin cire masara ne, maza duk suna gona. Babbar waya a layinmu ta Babanmu ce kaɗai, shi kuma yana kasuwa. Na kira shi da ƙaramar wayar Ummanmu, ya ce mota ta lalace, sai bayan azahar.

Umma tana yi wa Inna fifita, ta ce in yafe masa take so ta yi, ta faɗa a gabanmu kawai, mu shaidu ne, Allah kuma yana ji.

"Allah na ji, Ukasha ne bai ji ba. A kunnensa na zuba, a kunnensa zan kwashe." Ta juyo da ƙyar ta dube ni. "Ke Raihana, duk littattafan da kike cinyewa, waya ta gagare ki?"

Na buɗe wurin naɗar murya na wayarta, wanda ba ya tura komai ko'ina, na kara mata a baki.

"Ukasha, ni ce. Na yafe maka. Gona ƙasa ce." Ta daɗe tana neman numfashi. "Ka riƙa cin abinci."

Sai ta tambaya ko ya tafi. Na dubi Umma, Umma ta dubi tabarma.

"Ya tafi, Inna."

Ta lumshe ido, Umma ta shiga laƙƙana mata kalmar shahada. Ba a kira azahar ba ta cika.

Babanmu na shigowa na karɓi wayarsa, ko sannu da zuwa ban yi masa ba. Na zaga bayan rumbu, na kwashe muryar zuwa wayarsa, na kwafi lambar Ukasha, sau biyu ina kuskure, sannan na tura. Alama ɗaya ta fito. Can ta zama biyu.

Ƙarƙashin lambar aka rubuta yana naɗar murya. Rubutun ya ɓace. Ya sake fitowa. A tsakar gida mata sun fara ɗiban ruwan wanka.