Rigar Boyin Bature

Akwai wani tsohon gidan ma'aikatan jirgin ƙasa wajen Makera da wata ƙungiya ta gyara, ta mayar da shi yadda yake a zamanin Turawa, har da fankar igiya da teburin shayi. Ranar Asabar iyalai kan zo kallo. Baba Ebenezer ne ya ba su aron rigar mahaifinsa, wanda ya yi boyi a gidan wani Bature: fara ce mai maɓallan tagulla da jar ɗamara. Sharaɗinsa ɗaya, shi zai saka. Tumbi ya ƙi. Sai aka ba maƙwabcinsa na Nasarawa, Malam Zakariyya'u tela, siriri kamar kara, wanda ubansa bai taɓa ganin Bature ba sai a jikin sulai.

Rigar kuwa ta zauna masa, abin haushi.

Ebenezer ya zo da jikarsa Hope, wadda rabon da ta saurari labarinsa tun tana firamare. Tana ganin tela riƙe da faranti ta zaro waya.

"Baba Zakari, kun yi kyau! Haka suke yi da?"

"Haka, 'yata. Bature da kansa yake miƙewa in mun shigo."

"Mun?" in ji Ebenezer. "Kai da wa?"

"Malam Ebenezer, a bar ni in yi aikina. Kai ma da ka rage tuwon dare, da kai ne a ciki."

Mutane suka yi dariya. Ta Hope ce ta fi ƙarfi, ita ce kuma ta soki Ebenezer.

Ya dubi ƙafar tela. Sau-ciki baƙi, ya sha mai.

"Ƙarya kake yi wa yara. Boyi ba ya shiga gidan Bature da takalmi. Ba ni nan."

Ya fizge farantin, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya taka siminti da ƙafa tsirara. Ya sunkuyar da kai, ya lallaɓa ta hagun kujerar da ba kowa a kanta, ya ajiye kofi ba ƙara, ya ja da baya bai juya mata ƙeya ba. Da 'yar siririyar murya ya ce, "Yessa, Masta."

Ya ɗago yana neman idon wayar Hope. Ta riga ta mayar da ita jaka. Takalmansa ne a hannunta.

"Kaka, saka mana. Mutane na kallo."

Yana duƙe yana fama da igiyar takalmi ya ji ta koma wajen tela.

"Baba Zakari, ku ƙarasa mini. Da Baturen ya miƙe, sai me?"