Mai Sito Ya Dawo Gida

Shekara talatin da ɗoriya mijin Tela yana tsaron sito a kamfanin kayan gini, ita kuma tana ɗinki a falo, ba mai shiga sabgar wani. Da ritayarsa ta matso, kamfani ya tura shi kwas ɗin koyon zaman gida, sai ka ce zama ma sai an je makaranta. A can malamarsu ta ce kada su naɗe hannu, kowa ya nemi abin da zai taimaka wa iyalinsa da shi. Shi kuwa bawan Allah, maganar aji a wurinsa yankan wuƙa ce.

Ranar da Tela ta je asibiti duba ƙanwarta ya samu fili. Yadudduka na nan jibge a kan kujera, ga mai kallo hargitsi ne, amma ita ta san kansu: na sama na gaggawa ne, kuma kowane yadi da irin ƙullin da ta yi masa a baki don ta gane mai shi. Mutumin naka ya kwance ƙulle-ƙullen nan tas, ya ninke, ya jera shuɗi wajen shuɗi, ja wajen ja, ya zuba a kabad, ya danna kwaɗo. Mabuɗin kuma ya rataye a ƙugunsa. In tana son yadi sai ta tambaya, ita da falonta.

Kafin mako ya zagayo ta yanka yadin wata doguwar mata da awon gajeriya. Matar ta daɗe tana kawo mata ɗinki, amma ko zagi ba ta yi ba, ta kwashi yankakken yadinta ta fita. Washegari wasu biyu suka aiko a ba su nasu haka nan. Ran Tela ya ɓaci iyakar ɓaci, ta yafa mayafi ta nufi inda ake kwas ɗin, don ko bayan ritayar mijin bai daina zuwa ba.

Ta tarar da tsofaffi a jere a kujerun roba, malama na nuna musu hoton wani dattijo yana ba fulawa ruwa yana murmushi. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Malama, kun shirya shi, to ni wa ya shirya ni? Kun gama da shi kun turo mini shi falo, ya kashe mini sana'a da sunan taimako."

Malama ta fara bayanin cewa sauyi sai a hankali. Tela ba ta tsaya ji ba, ta ratsa kujeru har layin baya inda mijin yake zaune, kansa a ƙasa. Ta miƙa hannu.

"Malam, ba ni mabuɗina."

Ya ciro zoben ƙarfen nan daga ƙugunsa, wanda a da tun daga bakin layi take jin ƙararsa in ya dawo aiki. Mabuɗan kamfani duk an karɓe, ɗan ƙaramin mabuɗin kabad ɗinta ne kaɗai yake lilo a jiki. Ya daɗe yana fama da farcensa kafin ya zare shi.

"Shi kenan ya rage mini," in ji shi, a hankali.

Ta ji maganar har cikin ranta, amma mabuɗin nata ne. Ta karɓa, shi kuma ya mayar da zoben ƙugunsa ba komai a jiki.