Kaset ɗin Bikin Keziya

Keziya malamar asibiti ce a Gumel, kuma duk baƙon da ya zo gidanta sai ta kunna masa kaset ɗin bidiyon bikinta. Mijinta Reuben ya tsani kaset ɗin, domin a ciki ne ya harɗe da wayar lasifika yana tsakiyar rawa, ya kife a gaban surukansa.

Wata Asabar ta saka kaset ɗin, sai hoto ya ƙi fitowa.

Reuben ya ce, "Zafin garin nan ne ya lalata shi. Sai haƙuri."

Ranar kasuwar Maigatari ta kai wa Abdulganiyu mai gyaran rediyo. Ya kwance kaset ɗin, ya jawo zaren ya shinshina, sai ya fashe da dariya.

"Madam, zafi ba ya shafa man gyaɗa. Wannan aikin hannu ne."

Ya goge zaren da auduga, ya yanke inda ya cukurkuɗe, ya haɗe da salatif. Hoto ya dawo tas.

Ta ce, "Faɗuwar tana nan?"

"Tana nan daram."

"To, kwafa mini uku."

Ranar Lahadi bayan coci ta tara matan zumunta a falo. Reuben ya shigo daidai lokacin da yake kifewa a talabijin, mata suna ihu a mayar baya.

Ya ce a sanyaye, "Ashe ya gyaru."

"Ya gyaru, Baban Cynthia. Har na aika wa Mama ɗaya."

Ya nemi kujera ya zauna. A faɗuwa ta uku, shi ma dariya ta ƙwace masa.