Taibatu da Shanun Cikin Waya

Taibatu 'yar Fulanin Damri ce da aure ya kawo Talata Mafara tun tana da ƙuruciyarta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a bayan kasuwa duk wanda ya tambayi mai kyau, gidanta ake nuna masa. Mijinta Ɗayyabu manomin shinkafa ne a filayen rani masu shan ruwan dam ɗin Bakolori. 'Ya'yansu sun tasa, kowa ya kama gabansa, gida ya rage daga ita sai shi.

Shekaru ke nan Taibatu tana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai ita. Biyu ne. Akwai namiji mai faɗin duk abin da take yi: ga ta ta ɗauki ludayi, ga ta ta zauna. Akwai kuma wata tsohuwa da ba ta da aiki sai kushe. Farkon abin ta firgita har ta daina fita tsakar gida. Aka yi addu'o'i, aka sha rubutu, daga baya Ɗayyabu ya kai ta asibiti aka ɗora ta kan magani. Maganin ya yi aiki. Namijin ya yi nisa, sai jefi-jefi, tsohuwar kuwa ta zauna, amma ta rage kaifi. Taibatu ta raɗa mata suna Mai Mita, ta koma kan sana'arta.

Da rana ba ta da damuwa. Ga ƙarar suya, ga turmi, ga sallamar masu saye, Mai Mita ba ta samun wurin kutsawa. Lokacin kwanciya ne matsalar. Da zarar gari ya yi tsit, sai tsohuwar ta gyara zama ta fara: gishirin miya ya yi yawa, kin yi wa wance kallon banza, ke da ma ba ki iya komai ba. Taibatu ta san ba gaskiya ba ne, amma sani daban, barci daban. Sai ta wayi gari da idanu jajur, har ta fara ƙona ƙuli-ƙuli.

Ranar karɓar magani ta faɗa wa Nazifa, ma'aikaciyar jinyar da ta saba duba ta. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da aiki da gajiya, Nazifa ta saurare ta har ta gama.

"Inna, maganinki kada ki bari," in ji ta, "kuma zan gaya ma likita zancen barcin. Amma akwai dabara da wasu ke yi. Su kunna wani sauti a hankali kusa da kai, kunne ya samu abin riƙewa. Kowa da irin wanda ke karɓar shi, sai kin gwada."

Suka fara da rediyo, tunda shi ke gare su. Bai yi ba. Mai karanta labarai na magana, Mai Mita na cewa da ke yake, duk gari an ji labarinki. Taibatu ta kashe shi da sauri, ta gane cewa duk sautin da ke da zancen mutane ba nata ba ne.

Ɗayyabu ya kunna mata karatun Alƙur'ani a wayarsa. Wannan ya sanyaya mata rai ƙwarai, sai dai ba ya sa ta barci. Bin ayoyin take yi ɗaya bayan ɗaya, inda ta haddace ta karanta tare, idonta biyu har surar ta ƙare. Suka bar shi a bayan sallar isha'i, ta saurara a zaune bisa tabarma kafin ta shiga ɗaki. Fanka ta ɗan taimaka, amma da an ɗauke wuta shirun da ke biyo baya ya fi na farko nauyi.

Wani mai cajin waya a bakin tasha ya tura wa Ɗayyabu ƙarar ruwan sama. Taibatu ta fara gyangyaɗi kuwa, sai kawai ta zabura ta yi waje da gudu za ta kwashe gyaɗar da ta shanya. Ta tsaya tsakar gida tana kallon sama, ga taurari fes, tsakiyar rani. Ɗayyabu ya biyo ta yana dariya har da riƙe ciki, ita ma ta kasa daurewa.

"To, Malam," ta ce, "wanga ruwa naka ya hi ƙarhina. Kullum sai na tashi kwasar shanya."

Ɗayyabu mutum ne da in ya sa abu a gaba ba ya saki. Wata rana ya tafi wajen Maradun sayen iri, a hanyar dawowa ya tsaya bakin babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki. Ya tsuguna, ya miƙa waya kusa da ruwan, ya naɗi gudunsa har ƙafarsa ta yi tsami. Masu wucewa a babur suna waiwayensa, bai kula su ba.

Wannan ya yi daɗi. Ruwan na tafiya sululu, ba hawa ba sauka. Ta samu barci na 'yan kwanaki. Amma can cikin sautin ta riƙa jin wani namiji daga nesa yana kiran "Ishaku, Ishaku." Ta ɗauka wata sabuwar murya ce ta zo, ko namijin nan ne ya dawo da sabon salo. Ta yi shiru da abin, tana tsoron a ce ciwo ya tashi, har dai wata safiya Ɗayyabu ya ga ta kasa cin koko da ƙosai.

"Taibatu, mi ke damun ki?"

Ta faɗa masa. Ya ɗauko wayar ya ƙure ƙara, suka kasa kunne tare. Ruwa na gudu, na gudu, sai ga shi can ƙasa-ƙasa: Ishaku.

"Ni ma na ji shi," in ji Ɗayyabu. "Wani manomi ne ke kiran ɗan'uwanai daga ƙetare. Na tuna, har hula yake ɗagawa. Ba daga kanki yake ba."

Taibatu ta sauke ajiyar zuciya, ta jawo kwanon kokon. Duk da haka ta ce a bar ruwan. Tunda ta san kiran na zuwa, kunnenta jiran sa zai riƙa yi.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan yayanta Jibrin a Damri. Suka hau mota da hantsi zuwa Bakura, daga can suka ƙarasa a babur. Jibrin ya daɗe da zama wuri ɗaya yana noma, amma bai rabu da shanu ba. Manyan suna fita kiwo, masu jego da maruƙansu da bijiman huɗa suna ɗaure a turke bayan gida, ƙarƙashin wata tsamiya.

Ranar suna gida ya cika. Bayan azahar hayaniya ta ishi Taibatu, ta ɗauki tabarma ta zagaya baya ta zauna a inuwar tsamiyar, da nufin ta miƙe ƙafa kaɗan. Shanun na kwance suna tuƙa. Wata ta ja dogon numfashi ta huro, wata ta kaɗa wutsiya, igiya na goga turke, maraƙi na tsotso. Mai Mita ta fara cewa kin bar mutane da aiki kin zo kin zauna. Taibatu ta ji ta, amma kamar daga bayan katanga. Kunnenta na wajen haƙoran shanun, suna niƙa a hankali, su tsaya, su haɗiye, su sake. A cikin wannan ta girma. Tana ƙarama shimfiɗarsu ba ta da nisa da garke.

Ba ta farka ba sai da la'asar ta yi sanyi. Ta buɗe ido ta ga Ɗayyabu da Jibrin tsaye a kanta.

"An yi ta neman ki," in ji Jibrin. "Mijinki ya ce kada wanda ya tashe ki."

"Hamma," ta ce wa yayan nata tana gyara mayafi, "rabona da irin wanga barci na manta."

Ɗayyabu ya dubi shanun, ya dube ta, ya laluba aljihu ya fito da waya.

Kashegari suka yi aikin, kuma bai zo da sauƙi ba. Taibatu ta ce sharaɗi ɗaya ne, kada muryar ɗan Adam ta shiga ko kaɗan. Jibrin ya yi dariya ya ce ya ga masu sayen nono, ya ga masu sayen taki, amma mai ɗaukar numfashin saniya yau ya fara gani. Duk da haka shi ya bi gida ɗaki-ɗaki yana roƙon a yi shiru. Aka tura yara maƙwabta, aka kama zakara aka kai nesa. Ɗayyabu ya ɗora wayar bisa kifaffiyar ƙwarya tsakanin shanun, kowa ya ja baya.

Gwaggonsu Amatullah ce ta ɓata naɗin farko. Tsohuwa ce mai nauyin kunne, ta leƙo ta tambaya da ƙarfi wai wa ya rasu aka yi tsit haka. Aka yi mata bayani a kunne, aka sake. Na biyu jaririn da aka yi wa suna ya tsala kuka. A na uku Gwaggo da kanta ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofar baya da sandarta, duk wanda ya nufo ta nuna masa hanya ya koma. Haka gidan ya zauna shiru, manya na kallon juna suna danne dariya, shanu na ta tuƙarsu ba abin da ya dame su. Da aka gama, Ɗayyabu da Jibrin suka saurare shi daga farko har ƙarshe, suka tabbatar mata babu muryar kowa.

Da za su tafi, Gwaggo ta kama hannun Taibatu ta ce, "Ki riƙa zuwa kina jin su da kanki. Waya ba ta da warin garke."

A gida suka sayi 'yar ƙaramar lasifika mai caji, aka sa sautin ya riƙa maimaita kansa. Ba kullum yake ci ba. Akwai ranar da Mai Mita ke tashi da ƙarfinta, shanu su yi ta yi a banza. Irin wannan ranar Taibatu takan tashi ta yi alwala, ta zauna da carbi har abin ya lafa. Amma yawancin kwanaki barci na ɗaukar ta tun tsohuwar ba ta gama zancen gishiri ba. Idonta ya washe, ƙuli-ƙuli ya daina ƙonewa. Da ta koma asibiti Nazifa ta sa aka kunna mata, ta saurara tana murmushi, ta ce ita 'yar birni ce, wannan sai dai ya hana ta barci, amma tunda ya karɓi Inna shi ke nan.

Ɗayyabu ma ya saba. Ya ce shi da bai taɓa riƙe sandar kiwo ba, yanzu har mafarkin tatsa yake yi.

Wata safiya tana matsar mai, maƙwabciyarta Turai ta yi sallama ta shigo da 'yar ƙwarya a hannu. Suka gaisa, an kwana lafiya, ya gajiya, ya maigida. Turai na amsawa tana leƙe-leƙen lungunan gidan.

"Maƙwabciya, ashe kun kawo saniya ba ku gaya muna ba? Ta katanga nike jin numfashinta. Na ce bari in taho a sam min nono in dama hura."

Taibatu ta yi dariya har ta saki abin matsar. Ta goge hannu, ta shiga ɗaki ta fito da lasifikar ta kunna. Turai ta riƙe baki. Da can Taibatu ba ta son zancen ciwonta da kowa, amma yau sai ta ji bakinta ya saki. Ta ba ta labarin Mai Mita, da rediyo, da Gwaggo mai gadin ƙofa. Turai ta saurara ba ta katse ta ba.

"Allah ya ƙara sauƙi," ta ce. "Ni da na ɗauka barcin kowa iri guda ne." Ta dubi ƙwaryarta. "To yanzu haka zan koma da ita wayam?"

Taibatu ta karɓi ƙwaryar ta cika mata da ƙuli-ƙuli mai zafi. Turai ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki tire ta fara taya ta murza gyaɗa, suna hirar tsadar buhu a kasuwar Talata.