Awon Zuciyar Falwaya

Shekara goma sha ɗaya Falwaya ya yi yana cin abinci da ƙwallon kwando, kuma duk farkon kakar wasa sai ƙungiya ta tura su gwajin lafiya. Abin bai taɓa wuce rabin awa ba. A auna nauyi, a ɗebi jini, likita ya yi masa tsiyar da kowa ke yi, wai ya sunkuya kada fanka ta yi masa aski. Sunan Falwaya ma tsawon ne ya jawo masa tun yana sakandare.

Bana sai aka kawo sabuwar likita, mace marar yawan magana. Ta daɗe tana yawo da na'urar hoto a ƙirjinsa, ta koma wuri guda har sau uku. Daga nan ta sa ya ware hannuwansa, ta auna su da tef.

"Mahaifinka yana raye?" ta tambaye shi.

"Ya rasu ina ɗan shekara tara. Bakanike ne, yana cikin ɗaga taya ya yanke jiki ya faɗi."

"Shi ma dogo ne?"

"Ya fi ni."

Ta ajiye biro. Ta ce babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa ta buɗe fiye da kima, kuma irin wannan yakan bi jinin gida. Sai an yi babban hoto ranar Alhamis za a tabbatar. Kafin nan kada ya taɓa ƙwallo, kada ya ɗaga ko bokitin ruwa.

"Kana da yara?"

"Ɗaya, mace. Shekararta sha biyu."

"Ka zo da ita."

Bai san yadda aka yi ya kai mota ba. Ya kira koci ya ce likita ta ba shi hutun kwana uku, ya kashe wayar tun kafin a tambaye shi dalili. Tunanin wasa bai ma zo masa ba. 'Yarsa yake gani, wadda ta kere wa duk 'yan ajinsu tsawo, mai zara-zaran yatsu irin nasa. Shi ya fara damƙa mata ƙwallo tun ba ta iya ɗaure takalmi ba.

Ya tarar da ita a filin makaranta suna atisaye, tana gudu tana haki, gumi ya jiƙa mata riga. Ya tsaya a bakin fili gabansa na faɗuwa duk lokacin da ta yi tsalle. Da wata ta bangaje ta a ƙirji, bai san sanda ya shiga tsakiyar filin ba.

"Mamana, ɗauko jakarki mu tafi."

"Baba, saura minti goma fa. Asabar muna da wasa."

"Na ce ki ɗauko."

Har suka isa gida fuskarta na kallon taga.

Matarsa malamar firamare ce. Tana zaune a falo tana duba littattafan ɗalibai, ta ɗago ta ga 'yar ta wuce ɗaki ta bugo ƙofa, ta ga mijin ya hawo bene yana dafa bango kamar tsoho.

"Kyaftin, gwiwar ce kuma?"

Ya zauna ya faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe jan bironta a hankali, ta ce, "Za mu gaya wa yarinyar, ko mu bari sai Alhamis?"

"Me zan ce mata? In ce ga gadon da na ba ki?"

"Tsawon ma kai ka ba ta, ban ji ta kai ƙara ba." Ta so ya yi dariya.

Kwana ukun nan ya yi su yana sauraron ƙirjinsa. Ko atishawa zai yi sai ya dafe. Abokan wasa suna ta turo saƙo, wai ko tsufa ne ya zo ba sallama. Yarinyar kuwa, da uwar ta yi mata bayani, abu ɗaya ta tambaya: ko allura za a yi mata.

Ranar Alhamis aka shigar da shi cikin injin ɗaukar hoton, ƙafafunsa sun zarce gadon. Bayan shi aka duba yarinyar, har da idanu da ƙashin baya. Suka zauna a baranda kusan awa biyu kafin likitar ta kira iyayen.

Ta fara da shi, ba ta yi kwana-kwana ba. Wasa ya ƙare. Zai fara shan magani, kuma cikin shekarar nan za a yi masa aiki. Ya gyaɗa kai kamar labarin wani ake ba shi.

"Ita fa, likita?"

"Zuciyarta lafiya lau a yau. Amma akwai alamu, sai sakamakon jini ya fito nan da mako shida. Kafin nan ta yi jifa a kwando in tana so, ban da gasa."

Ya sauke numfashi, bai san ko daɗi zai ji ba.

"Sai kuma 'yan uwanka," in ji likitar. "Duk wanda kuka haɗa uba ya zo."

Su huɗu ne. A wurin ajiye motoci ya bar matarsa tana rarrashin yarinyar kan wasan Asabar, ya koma gefe ya kira ƙanensa, wanda ke lodin buhunan siminti a wani shago.

"Yaya, lafiya? Ina tsakiyar aiki."

"Me ke kanka yanzu?"

"Buhu mana."

"Sauke shi," Falwaya ya ce. "Nemi wuri ka zauna, magana za mu yi."