Tafin Minti na Saba'in da Tara

Bayan sallar isha'i ne Malam Kalla ya ji abin. Yana zaune a ɗakinsa na unguwar Adjamé Liberté a Abidjan, ya buɗe bayan wani agogon bango yana hure masa ƙura, sai wata ƙara ta taso daga wajen unguwar 220 Logements kamar ruwan sama na dukan kwanon rufi. Ya leƙa ta taga, sama tas. Da ya ƙara kasa kunne sai ya gane tafi ne, amma tafi babu ganga, babu waƙa, babu guɗa. Mutane da yawa ne ke tafawa kamar aiki aka sa su. Da yake gyaran agogo ne sana'arsa a kasuwar Black Market shekara hamsin, idonsa ya tafi kan agogon da ke bango ba da saninsa ba. Daƙiƙa sittin cif, sai tafin ya yanke kamar an sa masa almakashi.

Da safe ya tarar da maƙwabcinsa Sayyadi mai sayar da garba, wato dambun rogo da kifi, yana soya kifi a ƙofar gida, ya tambaye shi ko shi ma ya ji. Sayyadi ya yi tsaki, ya ce ai 'yan ƙwallo ne, mamaci suke tafa wa. Da can tsit suke yi na minti ɗaya kafin a take wasa, amma wa ya taɓa samun shirun minti ɗaya a Adjamé, inda direban gbaka, ƙaramar bas ta haya, ba ya ɗaga hannu daga kan oda? Sai suka gani a talabijin yadda ake yi a Turai, suka koma tafi. Kuma ba a farkon wasa ake yi ba. In mutum ya rasu yana da shekara arba'in, sai wasa ya kai minti na arba'in a miƙe a tafa masa.

"Yanzu kowa da mamacinsa yake zuwa fili," in ji Sayyadi yana juya kifi. "Wannan gwaggonsa, wancan mai gidan hayarsu. Makon jiya muna cikin tafa wa wata tsohuwa aka zura mana ƙwallo. Wanda ya shigo a lokacin sai ya ce murna muke. Abin ya yi yawa, Malam. Me Fatiha ta yi?"

Kalla kuwa abin da ya tsaya masa daban ne. Ya taɓa ji a wa'azi cewa mamaci yana jin ƙarar takalman masu komawa daga maƙabarta. To in yana jin takalmi, ashe zai ji tafi? In kuma ya ji, me zai ɗauka ana yi a waje? Da wannan ya wuni a rumfa, har ya mayar wa wani agogo allura a juye.

Ba a banza tunanin ya kama shi ba. Kwana ashirin ke nan da rasuwar amininsa Harouna, wanda ya yi dako a tashar jirgin ruwa har bayansa ya ƙi, sannan ya zauna a unguwar Treichville yana ɗinke wa samarin unguwa ƙwallayen da suka fashe. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallo ta Bakin Ruwa, shi ke wanke rigunanta, shi ke zagin 'yan wasanta in sun sha kashi.

Ranar Laraba ɗan marigayin, Abdulra'uf, ya zo rumfar. Haihuwar Abidjan ne, Hausarsa sai ta dafa kafaɗar Faransanci take tafiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce ran Lahadi Bakin Ruwa za ta kara da 'yan Liberté a filin da ke bayan gidansu, kuma za a yi wa baba nasa tafin. Matsala ɗaya ce. Takardar baba ta ce shekararsa casa'in da huɗu, wasa kuwa minti casa'in ne. Amma sun yi magana da alƙalin wasa, ya yarda zai ƙara minti biyar a ƙarshe. Abin da suke so, Tonton Kalla, wato kawu Kalla, ya riƙe agogo, ya ɗaga farin ƙyalle duk mintin da aka rubuta, don wancan karon wayoyin samari sun saɓa, rabin fili ya gama tafi rabi bai fara ba.

Kalla ya ce to. Bayan tafiyarsa ya zauna yana kallon hannuwansa.

Mutumin da aka binne ba casa'in da huɗu yake ba. Saba'in da tara yake, daidai da Kalla. Damina ɗaya aka haife su a wani ƙauye kusa da Tasawa, rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, kuma uban Kalla malami ne, ya rubuta shekarar a bayan littafi. Sunan mamacin ma ba Harouna ba ne, Abdulmutallib ne. Harouna wansa ne, wanda ya girme shi da shekara sha biyar. Su uku suka taso a bayan motar goro za su Abidjan, zazzaɓi ya kama wan a hanya, suka binne shi a wani gari da Kalla ya manta sunansa. Wan ne kaɗai mai takardar shaida. A bakin kabarin ƙanen ya ɗauke ta ya sa a aljihu, ya kama hannun Kalla ya sa shi rantsuwa cewa bakinsa ba zai taɓa faɗa ba. Dogo ne, gemu ya fito masa da wuri, magatakardan tasha bai ko ɗaga kai ba. Da sunan ya yi aure, da shi aka yi wa 'ya'yansa takardu, da shi aka yi masa sallah.

Yanzu ga shi za a jira wani minti wanda ba nasa ba, wanda kuma ba ya cikin wasan ma. In alƙali ya busa da wuri, aminin nasa ya tashi a tutar babu, alhali an tafa wa mai gidan haya. In kuma Kalla ya buɗe baki, ya karya rantsuwar shekara sittin. Ko rantsuwa tana mutuwa tare da wanda aka yi wa? Ya so ya tambayi liman, sai ya ga tambayar kanta rabin faɗa ce.

Ran Lahadi suka shiga tasin haya, woro-woro, shi da Sayyadi, wanda ya ce ba tafi ya kawo shi ba, ya zo ne ya ga an lallasa 'yan Treichville. Suka haye gada. Kafin fili Kalla ya biya gidan mamacin. Matar, Aisha Humaira, tana cikin takaba, ta bayan labule suka gaisa. Ta ce ita ma abin bai kwanta mata ba, a garinsu amarya ake tafa wa. Amma tunda an yi wa kowa, ba ta son a ce nata mijin ne aka tsallake. Fita ba ta halatta gare ta ba, sai dai bango ɗaya ne tsakaninta da filin, kuma ga ƙaramin agogon da Kalla ya gyara musu shekarun baya. Da ta ji usur za ta fara ƙirga.

"Ka tabbata sun yi masa nasa, Malam Kalla," in ji ta.

Aka zaunar da shi a kujerar roba a bakin layi, agogon aljihu a tafin hannu, ƙyalle a cinya, takardar sunaye a ƙarƙashin takalminsa don iska. Suna bakwai ne kafin na Harouna. A minti na ashirin da uku ya ɗaga ƙyalle, aka tafa wa wani ɗan wasa da ya rasu a Turai, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa sai a talabijin. A na arba'in da ɗaya aka tafa wa gwaggon mai tsaron raga, shi ma ya so ya tafa, sai da aka daka masa tsawa. Alƙali ya busa hutu a arba'in da biyar cif, bai ƙara ko daƙiƙa ba, yana adana ƙarin don ƙarshe. Kalla ya auna musu hutun minti sha biyar, ya ɗaga hannu aka koma.

Daga nan abin ya fara cakuɗewa. A minti na hamsin da takwas Bakin Ruwa ta ci ƙwallo ana cikin tafa wa wani direba, 'yan Liberté suka rasa ko su ci gaba ko su bari. A na sittin da uku mamata biyu ne, aka tsaya gardama ko minti biyu za a yi ko a tafa da ƙarfi ninki biyu. Wani tsoho ya zo ya tambayi Kalla ko za a iya sa matarsa, amma ita bai san shekarunta ba. Sayyadi yana hura tafin hannunsa yana cewa ko surfe bai kai wannan ba.

Kalla dai idonsa na kan agogo. Saba'in da shida. Saba'in da bakwai. Ƙwallo ta fita, wani ya tsallaka kwata ya ɗauko. Babu komai a takarda daga saba'in sai casa'in da huɗu. Ya tuna motar goro, da yadda Abdulmutallib ya kwana uku ba ya amsa sabon sunansa sai an zungure shi. Da allura ta hau saba'in da tara, bai taɓa ƙyallen ba. Ya ajiye agogon a gwiwa. Baki ne ya rantse, ya ce a ransa, hannu bai rantse ba. Ya fara tafi shi kaɗai, a hankali, irin tafin tsohon da bai saba ba.

Sayyadi ya dube shi, ya ɗauka ƙyallen ne ya faɗi, ya kama. Na kusa da su suka kama. Kafin daƙiƙa goma fili duka ya miƙe, 'yan Treichville da 'yan Adjamé, har mai sayar da ruwan leda ta sauke tirenta. Abdulra'uf ya zo da gudu ya zare takardar, ya duba gaba ya duba baya, bai ga komai ba, shi ma ya soke ta a hammata ya tafa. Babu gardama a wannan karon, ba a ci kowa ba, ko oda ba a ji ba. Leɓɓan Kalla suna motsi, amma ba abin da ya fito. Da daƙiƙa sittin ta cika ya sauke hannu, kowa ya sauke.

Minti casa'in ya cika Bakin Ruwa na gaba da ɗaya, 'yan Liberté sun taso musu kamar za su cinye ragar. Ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo. Sai mutanen Treichville suka ɓarke da ihu, suna nuna wa alƙali wuyan hannu. "C'est fini, arbitre! Busa!" Muryar da ta fi kowacce tashi ta Abdulra'uf ce. Aka yi wa alƙali zobe a bakin layi, ya duba hagu ya duba dama, ya busa. Casa'in da biyu da daƙiƙa arba'in. Kalla yana zaune da ƙyalle a hannu.

Sai da aka sauke Abdulra'uf daga kafaɗun samari sannan ya tuna da tafin babansa. Ya bi mutane yana roƙo a dawo, amma an kira magariba, masu ganga sun yi gaba da rabin unguwa.

Bayan sallah suka shiga gidan su uku. Abdulra'uf ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, yana neman ta inda zai fara. Uwar ce ta riga shi daga bayan labule. Ta ce Allah ya yi musu albarka, ta ji. Tun da aka busa usur ba ta ɗauke ido daga agogo ba, kuma yana cika minti casa'in da huɗu daidai tafin ya tashi. Duk na yau babu mai tsabta kamarsa. Ta yi kuka, in ji ta, amma kukan daɗi.

Abdulra'uf ya ɗago ya dubi Kalla. Kalla ya yi lissafin a ka. Ba ta san ana tsayar da agogo a hutu ba. Saba'in da tara, a ɗora sha biyar ɗin hutu. Ya sake lissafawa, ya fito haka. A fili dai ƙanen ya tafa wa. A ɗakin nan kuma wan aka ji, wanda ke kwance a garin da ba a tuna sunansa ba, ba wanda ya taɓa yi masa ko zaman makoki. Bai san wanne ne ya karɓa ba, ko sun raba ne kamar yadda suka raba takardar.

Ba wanda ya gyara mata. Suka yi addu'a suka shafa, suka fito. A soro, suna laluben takalma, Sayyadi ya rage murya.

"Ni fa har yanzu ban gane ba, Malam. Wannan na saba'in da tara da ba ya cikin takarda, wanda har hannuna ya yi ja, wa muka tafa wa?"

Abdulra'uf ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi. Kalla ya ciro agogonsa ya kara a kunne.